Kelle: masu nutso a ƙasar da babu gulbi

Matafiyin da ya bar Damagaram ya fuskanci gabas bisa babbar hanyar kwalta zai ratsa Mirya da lambunanta, ya wuce Gidimuni inda tabki ke ƙyalli a gindin dabinai, kafin ya sauka Gure bayan tafiyar kilomita 160 da ɗoriya. In ya iso Gidimuni, to ya ƙare wa ruwan nan kallo, don kuwa in da rani ne zai daɗe bai sake ganin ruwa shimfiɗe a fili haka ba. A Gure, tsohuwar fadar Muniyo, inda Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da sunan Abdul Karimu, ya yada zango a ƙarshen shekara ta 1852, hanya ta rabu biyu. Kwalta ta zarce Difa da Gigimi, ɗayar kuwa ta karkata arewa, wajen Tasker da duwatsun Tarmit. Ita ce ke kai mutum Kelle, babban garin ƙasar Kutus.

Kutus ƙasa ce ta tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, kamar an bi su da wuƙa an sare, dutse a bisa, rairayi da ƙaya a kwaruruka. Dagirawa ne tushen garuruwanta, ƴan uwan Barebari, masu noman hatsi da wake da kiwon bisashe. Amma a bakin kasuwa da bakin rijiya kowa na nan, Fulani da Tubawa da Bugaje da fatake Hausawa, kuma in harsuna suka sarƙe, da Hausa akan ƙulla ciniki. Tun dokar rarraba mulki ta shekara ta 2002 Kelle ta zama cibiyar ƙaramar hukuma ta karkara cikin gundumar Gure. Baƙon da ya zo daga nesa, sau da yawa jimina ce ta kawo shi. A nan ne ƙungiyar mutanen Kutus da ake kira CERNK, da taimakon ƙungiyar Sahara Conservation, ke kiwon jimina mai jan wuya cikin shinge, irin wadda ta ƙare a dajin Nijar, da fatan wata rana a mayar da ita inda ta fito. Labari ne mai daɗi, ya ma cancanci shafi nasa na kansa. Sai dai wanda ya kwana biyu a garin zai gane cewa abin da ke tada mutane tun kafin kiran assalatu shi ne ruwa.

Ruwan sama a wannan yanki bai cika wuce milimita 300 a shekara ba, shi ma cikin wata uku yake zuba ya ɗauke. Tabkunan damina sukan ƙafe tun sanyi bai ƙare ba. Gulbi babu, teku mafi kusa kuwa ya fi nisan kilomita 1000. Abin da ya rage shi ne rijiya, kuma rijiyar Kutus ba ta wasan yara ba ce, don ruwan yana can ƙarƙashin dutse, akwai inda sai an haura mita 50 kafin a taɓa shi. Mai son sanin zurfin rijiya a nan ba sai ya leƙa ba. Ya tsaya gefe ya dubi sa ko raƙumin da aka ɗaura wa igiya, yaro na kora shi yana nisantar bakin rijiya, har wasaki ya iso sama a yi masa tsawa ya tsaya. Tsawon wannan tafiya, shi ne zurfinta. Daga safe har dare haka ake yi, kai da komo, ƙafafun dabbobi sun yi wa ƙasa gwadabe ta kowace fuska kamar zanen rana.

Rijiyoyin iri biyu ne. Akwai na gargajiya, ƙuntatattu, waɗanda aka ɗaure bakinsu da itace. Akwai kuma na siminti masu faɗin mita 1,80, waɗanda tsofaffi ke kira da sunan OFEDES, ofishin ruwan ƙarƙashin ƙasa da gwamnati ta kafa a shekara ta 1963, wanda ya gina su da yawa a karkarar ƙasar nan, balle bayan farin 1973 da na 1984. Ko wace iri ce, ba ta zama yadda aka gina ta. Iskar hunturu na zuba mata rairayi. Igiyar da aka ja a ƙasa tana komawa ciki da turɓaya da kashin dabbobi. Guga ya tsinke ya faɗa, ƙugiya ta kasa kamo shi. Tsuntsu ya faɗa, wani lokaci akuya sukutum. Shekara biyu, uku, sai idon ruwa ya toshe, a jefa wasaki ya fito da rabin laka. Ranar nan ce ake neman mai yasa.

A takardun ma'aikatar ruwa da na furoje-furoje, Faransanci ya ba waɗannan mutane suna mai ban mamaki: artisans plongeurs, wato masu sana'ar nutso. Wanda ya karanta haka a ofis cikin Yamai zai zaci Sarkawan bakin Kwara ake nufi. Alhali mutum ne da wataƙila bai taɓa ganin kwalekwale ba, amma nutso yake yi na gaskiya. Akan fara da kwashe ruwan da gaggawa, guga bayan guga, har ya ja baya iyakar yadda zai ja. Sa'an nan ya tuɓe, ya ɗaura igiya, ya yi bisimilla, ƙarfafan gari su riƙa sassauta masa ita a hankali. Tun bai kai rabi ba hayaniyar sama ta zama kamar ƙugin ƙudan zuma, bakin rijiya ya koma ɗan farin tabo. A ƙasa ruwan zai kama shi iya ƙirji, ko ya shanye kansa in rijiyar mai ƙarfin ido ce. Sai ya cika ƙirjinsa da iska, ya nutse cikin duhu, ya laluba da hannu ya cika guga da laka, ya taso ya ja igiya alamar a ɗaga. Haka zai yi ta yi har jikinsa ya ɗauki ɓari, don ruwan ƙasa da sanyi ko da ana zafin bazara a sama. Ladansa abin da kwamitin rijiya ya tattaro ne daga gida gida da makiyaya, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi arziki da shi ba.

Duk da haka, ruwan bai kai iskar da ke kwance a bisansa haɗari ba. In aka ce wata rijiya tana da iska, mutanen karkara aljanu suke nufi, masana kimiyya kuwa in sun ji sai su gyaɗa kai, domin kalmar ta faɗa daidai ko da ma'anar ta bambanta. Iskar da ɗan Adam ke shaƙa, kashi 21 cikin 100 nata iskar oksijin ce, ita ce ke riƙe da rai. A gindin rami mai zurfi, ruɓar itace da ciyawa da mushe tana cinye oksijin ta bar iskar da ake kira gas karbonik, wadda ta fi iskar sarari nauyi wajen sau ɗaya da rabi, saboda haka takan kwanta a ƙasa kamar ruwa a kwano. Dutsen da ke da ƙofofi ma yakan fitar da tasa gurɓatacciyar iskar in yanayi ya sauya. Ba ta da launi, ba ta yi wa mutum sallama. Mai saukowa zai ji kansa ya yi nauyi, numfashi ya yi sauri, kafin ya tuna da jan igiya hannunsa ya saki.

Abin da ke biyo baya shi ne ya fi ciwo, kuma duk ƙasar da ake gina rijiya da hannu an san shi. Na sama su kira, shiru. Ƙanensa ko ɗansa ya ce ba zai tsaya yana kallo ba, ya kama igiya ya bi shi. Shi ma shiru. Na uku ya bi. Rijiya ɗaya takan ci mutum biyu, uku, ƴan gida ɗaya cikin rabin sa'a, kowane ya tafi ceton na gabansa. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta jure rashin oksijin fiye da ƴan mintoci, huɗu ko biyar sun isa su yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, don haka maganar a kira ƴan kashe gobara daga birni ta zama ta ɗauko gawa. Zamani kuma ya ƙaro nasa: injin ban ruwa mai shan man fetur. Wanda ya ga ruwa ya ƙi ja baya sai ya ce a zura injin cikin rijiya ya tsotse. Hayaƙinsa na ɗauke da wata guba, monoksid na karbon, wadda jini ke kamawa fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da wani abu, kuma a rami ba ta da hanyar fita.

Kutus ba ita kaɗai ta san wannan sana'a ba. Can arewacin Sahara, a Wargala da kwarin Wad Rig na ƙasar Aljeriya, an yi wata ƙungiyar masu nutso da ake kira Gattasin, waɗanda ke riƙe numfashi su sauka cikin rijiyoyin dabino masu cike da ruwa don su kwashe yashi. Mutane na girmama su, amma aikin yana cin ƙirjinsu da kunnuwansu. Sana'arsu ta soma ja baya ne daga shekara ta 1856, lokacin da wani injiniyan Faransa mai suna Jus ya huda ƙasa da na'ura a Tamarna ruwa ya yi tsiri da kansa.

To, a daidai wannan zamani ne aka ƙago wani ɗan ƙarfe a Faransa wanda labarinsa ya shafi mai yasar Kelle fiye da yadda ake zato. Yau in an ambace shi, hoton da ke zuwa a zuci shi ne na Bature da tulu a baya yana shawagi cikin kifaye masu launi don nishaɗi. Faransawa na ce masa détendeur, a ce detandar. Mai karatu ma ya san ɗan uwansa: tun da matatar man SORAZ ta soma aiki kusa da Damagaram a ƙarshen shekara ta 2011 tulun gas ya shiga gidaje da yawa, kuma uwargidan da ke girki da babban tulu ta san abin nan da ake ɗaurawa a kansa kafin a jona tiyo, mai rage ƙarfin gas don kada ya fito da haushi. Aikin ke nan. Amma wanda ya ƙera na numfashi a wancan zamani ba teku ne a ransa ba. Benoît Rouquayrol injiniyan ma'adinai ne, ɗan garin Espalion a kudancin Faransa, kuma a shekara ta 1860 ya yi rajistar na'urarsa don a riƙa shiga ramukan gawayin ƙasa a ceto leburorin da mugunyar iska ta kayar. Sai a 1864 ne wani hafsan sojan ruwa, Auguste Denayrouze, ya haɗa kai da shi suka mayar da ita ta shiga ruwa. Ƴan lakwal da suka karanta littafin Jules Verne na tafiya ƙarƙashin teku sun gamu da sunan Rouquayrol a ciki. Ashe dai don rami aka haife ta, teku daga baya ya karɓe.

Wadda ake amfani da ita yau ta samo asali ne daga yaƙin duniya na biyu. Man fetur ya yi wuya a Faransa, sai wani injiniyan kamfanin Air Liquide, Émile Gagnan, ya ƙera ƙaramin detandar don motoci su yi tafiya da gas. Hafsan sojan ruwa Jacques-Yves Cousteau ya same shi a Paris a ƙarshen 1942, suka sauya wa abin fasali. Gwajin farko a kogin Marne cikin watan Janairu na 1943 bai yi armashi ba: in mai nutso ya miƙe tsaye iska ta yi ta zuba, in ya sunkuyar da kai ƙasa ta ƙi zuwa. Suka gyara wurin da numfashi ke fita, kuma kafin shekarar ta ƙare Cousteau da abokansa suna yawo da ita a tekun Bahar Rum, kusa da Bandol.

Yadda take aiki ba wuyar fahimta. Tulun da ke bayan mai nutso iskar sarari ce a ciki, irin wadda kowa ke shaƙa, an dai matse ta ne har bar 200, wato sau 200 na nauyin iskar da ke kanmu duka a fili. Da za a buɗe wa mutum ita kai tsaye da ta yaga masa huhu. Saboda haka detandar hawa biyu ne. Na farko yana ɗaure a kan tulu, ya sauko da matsin zuwa wajen bar 10. Na biyu shi ne wanda ake cizawa a baki, kuma ba ya sakin iska sai an ja numfashi, ya ba da ita daidai da nauyin ruwan da ke kewaye da ƙirji. Wannan nauyi yana ƙaruwa da bar 1 a kowace mita 10 ta ruwa. Tulu mai lita 12 yana ɗaukar lita 2400 na iska. Mutumin da ke shan lita 20 a minti zai yi sa'a biyu da shi a fili, sa'a ɗaya a zurfin mita 10, rabin sa'a a mita 30, in bai bar komai na ajiya ba, abin da mai hankali ba ya yi. Mai aikin ƙarfi kuwa, irin na cika guga da laka, ya ninka wannan sha ko fiye. A lura da wani abu: zurfin ramin da babu ruwa kusan ba ya cikin wannan lissafi. Mita 60 na busasshiyar rijiya ba su ƙara wa matsin iska ko kashi 1 cikin 100 ba, mita uku na ruwan da ke gindinta su ne ke da magana.

Mai nutson nishaɗi da ya shiga kanti a Marseille, ko a Dakar, ko a Jidda bakin Bahar Maliya inda alhazai ke sauka, zai tarar da sunaye jere a bango, su Aqualung, Scubapro, Apeks, Mares, Cressi, Beuchat, mai kanti kuma yana nuna masa mafi ƙyalli. Tambayoyin da suka kamace shi ba su da yawa. Hawan farko, mai fistin ne ko mai tantani? Mai fistin kayan cikinsa kaɗan ne, yana da juriya da sauƙin gyara, shi ya sa makarantun koyon nutso ke yawan ba da hayarsa. Amma ruwa yana shiga wani sashe nasa, in ruwan mai yashi ne ko mai tsananin sanyi sai ya ba da wahala. Mai tantani, balle wanda aka rufe ruf, ruwa ba ya taɓa cikinsa. Sai maganar daidaito: akwai wanda numfashi ke ƙara nauyi a cikinsa in tulu ya kusa ƙarewa, akwai wanda aka daidaita, shaƙar farko da ta ƙarshe duk ɗaya. Sai yadda ake haɗa shi da tulu: ko mai likkafa, wanda ake maƙalawa a ɗaure, ba ya wuce bar 232, ko mai zare da ake kira DIN, wanda ake murɗawa ciki, ya fi riƙo, akwai ma mai ɗaukar bar 300. A nan wayo shi ne mutum ya binciki irin tulun da ake bayarwa inda za shi, kada ya fafe gora ranar tafiya. Dole kuma a haɗa da agogon da ke nuna sauran iska, da bakin shaƙa na biyu, galibi rawaya, wanda ake miƙa wa aboki in tasa ta yanke.

Gaskiyar da mai kanti ba ya son faɗi ita ce, duk detandar da ke ɗauke da hatimin EN 250 na Turai an gwada shi har zurfin mita 50, alhali sabon mai nutso ba a bari ya wuce mita 18 ko 20, ƙwararren mai nishaɗi ma galibi 40 ce iyakarsa. Wanda zai yi wanka a ruwan ɗumi sau goma a shekara, mai araha ya ishe shi, ya nemi wanda bai gajiyar da muƙamuƙi. Mai arahar nan ma kuɗinsa ya kai jika 150 zuwa 200 na sefa, mai tsada ya haura jika 500. Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce wadda ba a rubuta a jikin kwali ba: wa zai buɗe shi ya sauya masa robobi kowace shekara ko biyu, kuma ina za a samo su?

Da wannan tambaya za a komo Kelle. A ƙaddara wani mai alheri ya aiko wa masu yasar Kutus cikakkun kayan nutso. In zaɓi ne, ba gardama, mai tantani rufaffe za a ɗauka saboda laka, kuma mai zare, don likkafa na iya bugun bangon rijiya ta goce. Amma tulun ƙarfe ya kai kilo 15, a rijiyar gargajiya ma da ƙyar mutum ke juyawa shi kaɗai. In ya ƙare, sai injin matsa iska na musamman mai matatai ne ke cika shi, kuɗinsa ya haura miliyan ɗaya nesa. Roba ba ta shiri da zafin watan Afrilu, ƙurar hunturu kuwa tana shiga inda allura ba ta shiga. Mutanen karkara sun riga sun ga irin wannan kyauta: famfunan ƙafa da na hannu da aka kakkafa a shekarun 1980, waɗanda da yawansu suka tsaya cik saboda wata ƴar roba da babu mai saida ta kusa. Famfo in ya lalace mata ne ke shan tafiya; detandar in ya lalace a gindin rijiya babu tafiyar da za a yi.

Akwai kuma wani tarko wanda ya fi kama gwani bisa ga ɗan koyo. Duk ƙwarewar mai yasa a riƙe numfashi take. To, wanda ya shaƙi matsattsiyar iska a ƙarƙashin ruwa ya riƙe ta ya taso, iskar za ta kumbura a ƙirjinsa yayin da nauyin ruwa ke raguwa, kuma mita biyu kacal sun isa su fasa huhu. Dokar farko da ake koya wa mai nutso da tulu ita ce kada ya taɓa riƙe numfashi, wato akasin abin da jikin mai yasa ya saba da shi shekara ashirin. Ba a miƙa wa mutum irin wannan kaya ba tare da malami ba.

Abin da ya fi dacewa da rijiya shi ne tsarin da Faransawa ke kira narguilé: tulu ko inji ya zauna a sama, dogon tiyo ya sauka, mai aiki ya ciji bakin shaƙa kawai. Sai dai a nan ma akwai inda dabara ke zama ajali. Matasa masu kaifin kai za su ce, ai ga injin masu facin taya, ga tiyo a kasuwa. Iskar wannan inji tana tafe da tururin baƙin mai, kuma in bakin da yake zuƙa yana kusa da hayaƙinsa, gubar nan ta monoksid ce zai tura wa na ƙasa kai tsaye cikin huhu. Tulun oksijin na masu walda shi ma ba abin taɓawa ba ne: zallar oksijin tana sa farfaɗiya in an wuce zurfin wajen mita 6 a ruwa, in kuma ta gamu da maiƙo tana tada wuta.

Magabatan ƙananan hukumomi da masu furoje, waɗanda ba su gajiya da bukin buɗe sabuwar rijiya da tuta da jawabi, da wuya a ji sun tsaya kan abin da ke tsare ran wanda zai yashe ta. Alhali yawancinsa ba shi da tsada. Tsofaffin masu gina rijiya sun san a zura fitila mai ci kafin a zura mutum: in harshen wutar ya yi ƙasa ya mutu, oksijin ya yi kaɗan, ba a shiga. Gwaji ne mai kyau amma gurgu, domin fitila na iya ci lafiya lau cikin hayaƙin inji mai kisa, kuma in ramin na da gas mai kamawa ita ce za ta tada shi. Akwai ƴar na'ura kamar girman salula da ake zurawa da igiya, ta yi kuka in iska ta ɓaci. Wasunsu ba su kai kuɗin detandar ba, guda ɗaya kuma ta ishi ƙauyuka da yawa, muddin an tuna cewa hancinta na mutuwa bayan ƴan shekaru sai an sabunta. Sun san kuma a ɗaure damin ganye a yi ta sama da ƙasa da shi don a motsa iskar da ta kwanta. Samarin da suka je haƙar zinariya a Jado tun daga 2014 sun ga wata hanyar da ta fi wannan: fanka a bakin rami, da doguwar leda kamar hannun riga tana kai iska har ƙasa. Da faifan hasken rana ɗaya da batir ana iya yin haka a bakin kowace rijiya ta Kutus. Sai igiya ta biyu, wadda ba ta guga ba, ɗaure a ƙirji ta ƙarƙashin hammata, a hannun mutanen da ba su da wani aiki sai ita, don in na ƙasa ya yi shiru a jawo shi ba tare da kowa ya sauka ba. Inji kuwa ya zauna a sama, nesa da baki, ta inda iska ke kwashe hayaƙinsa.

Yanzu rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana suna ƙaruwa a jihar Damagaram, da tankunansu a bisa ƙafafun ƙarfe, kuma inda aka samu ɗaya mata sun huta da igiya. Wani zai ce ke nan kwanan mai yasa ya ƙare, kamar na Gattasin. Ba a kai nan ba tukuna. Garken makiyayi ba ya jiran layin famfo, kuma ranar da injin burtsatse ya tsaya, gari duka tsohuwar rijiya yake komawa. Rijiyar da ake ja kullum, kai da komon guga da igiya yana ɗan sauya mata iska. Wadda aka rufe da ƙaya ko faranti aka bari wata shida, ko shekara, iskarta ta kwanta ba abin da ya motsa ta, abin da ya faɗa ciki ya ruɓe a nan. Irin wannan ce akan buɗe da gaggawa a tsakiyar bazara, dabbobi na kuka a bakin komi, a aika yaro ya kira mai yasa.